Bagaruwar da Gwaggo Ba Ta Sa wa Hannu Ba

A ƙauyenmu, nan bakin kogi tsakanin Sinnar da Abu Na'ama, matafiyi ba ya tafiya da guzurin gidansu kaɗai. In mace ta shigo gida ta ga an baza shanya, ta kuma ji cewa ta mai tafiya ce, sai ta koma ɗakinta ta damƙo irin abin, kuɓewa ce ko gyaɗa ko barkono, ta zo ta watsa a kai ta wuce abinta. Ba ta faɗa, ba a kuma gode mata. Tsofaffi sun ce da haka kakanninmu suka iso ƙasar nan a ƙafa daga yamma, duk garin da suka ratsa sai an ƙara musu cikin hannu a jaka. Wannan duk da kyau. Inda gizo ke saƙar shi ne ɗaya ɓarin al'adar: abin da aka ƙara maka, ba ka ware shi gefe. In ka ware, ka ce wa mai shi hannunta da dafi ke nan, kuma rigimar da za ta biyo baya har jikoki sai sun gada.

Autarmu ce ta yi karatu mai zurfi a gidanmu. Ni dai na tsaya inda zan iya karanta kwalin magani, na yi aurena, ban kuma ga abin da ya rage ni ba. Ita kuwa ta gama jami'a a Madani, maimakon ta huta sai ta sake komawa neman digiri na biyu. Mahaifinmu ya rasu tun tana firamare, kuma wadda ta tsaya kai da fata sai yarinyar nan ta yi karatu ita ce Gwaggo, yayarsa, da muke gida ɗaya da ita. Gwaggo gajeriyar tsohuwa ce mai murya kamar an buga tasa. Tun da ƙanenta ya rasu ta naɗa kanta maigida, Innarmu kuma, mai sanyin hali, ta bar mata.

Sau da yawa auta ta yi mini bayanin aikinta kafin ya shige ni. Ranar da ya shiga, ina yanka dankali ne. Ta ce, "Yaya, in kin yanka wannan kika bar shi a iska, me yake yi?" Na ce baƙi. Ta ce, "In kin matsa masa lemun tsami fa?" Na ce ya tsaya da farinsa. Ta ce to akwai wani abu a cikin wasu itatuwa da ke tare irin wannan lalacewar, kuma naman mutum ma yana son sa, musamman a bakin rauni. Shi take so ta tatso daga 'ya'yan bagaruwa, wadda Larabawa ke kira garad, ta haɗa da ƙaro, ta yi wani ɗan siririn abu kamar ɓawon albasa da za a riƙa rufe ciwo da shi. Na ce, "Sai da kika je Madani kika san bagaruwa na maganin ciwo? Ai ko akuyar gidan nan ta sani." Ta ce sani daban, awo daban. Ita tambayarta, tsakanin bagaruwar fadama da ke tsaye cikin ruwa duk damina, da ta tudu da ke shan wuya a busasshiyar laka, wacce ta fi ƙarfi, kuma da nawa. Don haka tuli biyu take bukata, kowanne daga itace ɗaya tak, a shanya a inuwa, kada ko ƙwaya ta wani wuri ta shiga.

Kun dai ji sharaɗin, kun kuma ji ƙauyen da za a yi shi.

Shekarar farko ba na nan. Ina Damazin, maigidana na aikin tarakta a manyan gonaki, don haka hannuna fes yake a wannan ɓarna, kuma ina so a shaida. Auta ta zo da sanyi ya wuce, lokacin da bagaruwa ke nuna, ta tsinko nata, ta shimfiɗa tabarmi biyu a rakuba, rumfar tsakar gidanmu. Kullum da safe sai ta fita daji ƙaro wasu. Labari ya zaga cewa ɗiyar gidan za ta tafi da bagaruwa jami'a. Wace mace ce a ƙauyen nan ba ta da bagaruwa a ɗaka don tari da ciwon wuya? Kowacce ta shigo gaida Inna sai ta watsa cikin hannu, wata a tabarmar dama, wata a ta hagu, mai adalci ta raba biyu. Auta ta ga tuli na kumbura, ta ɗauka ƙoƙarinta ne. Allah sarki, mai karatu.

Ta kwashe ta tafi Madani. Aka cire ƙwayoyin, aka niƙa, aka jiƙa a sibirto, ruwan nan mai kaifin wari da ake goge wurin allura da shi, aka tace, aka busar, har ya rage wani baƙin maɗi a gindin kwalba. Suna da wani ruwa mai launin shunayya da suke gwaji da shi: in ka ɗiga abin da ka tatso, ruwan ya koɗe ya koma rawaya, to abin da ƙarfi. Na fadama ya koɗar da shi a hankali, kamar yadda aka zata. Na tudu kuwa, kafin a ɗauke hannu ruwa ya yi fari fat. Malamarta, wata daktora mai gilashi da ba ta cika dariya ba, ta sa aka sake. Aka sake, haka. Auta ta ce matar nan har rungume ta ta yi. Aka fara kiran malamai daga wasu ɗakuna su zo su ga bagaruwar tudun ƙauyenmu. Aka fara maganar za a rubuta a kai waje.

Sai wata rana daktora ta ce a kawo mata tsakin da ya rage a rariya. Ta baza a farin faranti, ta sa tsinke tana tonawa. Ta ɗago wani ɗan abu mai kai kamar ƙusa, ta shinshina, ta dubi auta ta saman gilashi. Ta ce, "Wannan itacen naku na tudu, kanumfari ma yake haifa?"

Gwaggo ce. Bagaruwarta a gwangwani ɗaya take zama da kanumfari, wai don kada ƙwari su shiga, kuma da yake tana ganin ita ce uba, nata ƙarin ya fi na kowa yawa. Ashe kuma a wannan fanni kanumfari sarki ne, ya fi bagaruwa nesa ba kusa ba. Shi ya koɗar da ruwan. Da aka ci gaba da tona tsakin har ƙwallon tsamiya aka samu, da guntun citta.

Daktora ba ta yi faɗa ba, kuma auta ta ce gara ma da ta yi. Ta dai ce mata aikin shekara ya tafi, bagaruwa kuma sau ɗaya take nuna. Za a ba ta kaka ɗaya nan gaba. In ta sake kawo kayan miya, to ta tattara ta koma gida, a ba wani gurbinta.

Da shekara ta zagayo na riga na dawo ƙauye. Auta ta iso a rame, duk ta zama wuya da ido. Ba ta gaya wa kowa zancen kanumfari ba sai ni da Inna. Ta ce, "Inna, don Allah ki gaya wa mutane kada su ƙara." Inna ta riƙe haɓa. Ta ce, "Da wane baki? In ce wa matar liman kada ta sa miki albarka? Ke ki koma Madani, ni da zan zauna da su fa?" Auta ta ce to a gaya wa Gwaggo. Amma a cikinmu mu uku babu mai ƙarfin halin da zai tunkari Gwaggo ya ce mata ita ta rusa karatun da ta yi wa yaƙi.

Ni ce na kawo dabara, kuma har yau ina ganin dabara ce mai kyau. Na ce a yi shanya biyu. Ta mutane a rakuba, kowa ya zo ya zuba son ransa. Ta gaskiya kuma a ɗakin ajiya na bayan gida, inda muke tara buhunan dawa, yana da taga iska na shiga, rana ba ta shiga. Muka share shi, muka ɗora tabarmi biyu a kan tsofaffin gadajen igiya, aka ɗaura jan ƙyalle a ta fadama, fari a ta tudu. Auta na dawowa daga daji ta ƙofar baya, ni kuma ina zaune a rakuba ina gadin ta bogi, ina tsintar wake, ina yi kamar ban ga masu zubawa ba. Wallahi har daɗi na riƙa ji. Matar liman ta zuba, matar mai gayya ta zuba, wata da ba ta ga maciji da Inna ma ta zo ta zuba. Gwaggo kuwa kullum da hantsi sai ta fito da gwangwaninta ta yi bisimilla ta watsa, ta tsaya tana duban tulin tana gyaɗa kai.

Rana dubu ta ɓarawo. Gwaggo na da wata kaza mai wuyan tsiya da ba ta yin ƙwai inda kajin Allah ke yi. Ran nan da azahar ta bi sawun kazar har ɗakin ajiya. Ina rakuba na ji ƙarar ƙyauren. Na jira ihu. Ba ihu. Can sai ga ta ta fito, ƙwai ɗaya a hannu, ta zo ta tsaya a kan shanyar mutane ta dube ta, ta dube ni. Ta ce, "Wanga aiki naki ne. Waccan ƙanwar taki ba ta da wayon mugunta." Ta shige ɗakinta ta saki labule.

Da an yi faɗa da ya fi sauƙi. Da yamma aka kawo tuwo a babban faranti kamar kullum, Gwaggo ta ce daga ɗaka a zuba mata nata daban, a kwanon da ba mai ci a ciki, kada ta kashe 'ya'yan mutane. Kashegari ta fito tsakar gida da sabulu da toka da yashi, ta zauna inda kowa zai gani, ta dinga dirzar hannuwanta har gwiwar hannu. In ɗana ya rugo wajenta sai ta ɗaga hannaye sama ta ce, "Ɗauke shi, ɗauke shi, kada in taɓa shi." Randa ma ta daina sha, ta sa aka ajiye mata tulunta daban. Inna ta bi ta tana ba da haƙuri, ita da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba.

Na ce bari in gwada bakina, tunda ni na ɗebo da zafi. Na shiga na durƙusa. Na ce, "Gwaggo, ai ke ma irin kuɓewarki da kike rataye a rufin ɗaki ba ki yarda a gauraya shi da na kowa. To wannan ma kamar iri ne." Ta ce, "Shukawa za ta yi a Madani?" Na ce a'a. Ta ce, "To fita." Na fita. Ina bakin ƙofa ta ƙara da cewa tun ina zanen goyo ta san ni da tsawon baki, ta ɗauka girma zai rage shi.

A rana ta uku ta kira mu duka, ta yanke hukunci. Ta ɗaure kayanta a zane ta ajiye a bakin gado don mu gani. Ta ce ko dai a kai ta ɗakin nan ta zuba cikin hannunta a tabarmar gaskiya da idonta, ko kuma gobe ta hau mota zuwa Rufa'a wajen ɗanta, ta bar mana gidan ƙanenta mu ci gaba da tsabta. Inna ta juyo wajen auta tana hawaye. Ta ce, "Ki bar ta ta sa ko guda ɗaya ne. Guda ɗaya me zai yi?" Ni kaina na fara lissafin yadda za a bar ta ta zuba, in ta juya baya a tsince. Amma ina, bagaruwa duk kamarsu ɗaya, kuma Gwaggo in ta zuba sai ta sa hannu ta cakuɗa.

Autarmu ba mai magana ba ce. Tun tana ƙarama in an yi mata tsawa sai ta shige bayan randa. Ran nan sai ta matsa ta zauna a ƙasa gaban Gwaggo, ta ba ta labarin bara daga farko: ruwan shunayya, da rungumar daktora, da malaman da aka kira, da farin faranti da tsinke. Da ta zo kan kanumfari, Gwaggo ta ɗaga mata hannu.

"Tsaya. Nawa ne ya koɗar da ruwan?"

"Naki ne, Gwaggo."

"Ba na matar liman ba?"

"Ita citta ce a nata. Naki ne ya danne komai, har ba a iya jin bagaruwar."

"Har manyan malamai suka taru?"

"Suka taru."

Na ga gefen bakin tsohuwar nan yana rawa, tana ƙoƙarin danne murmushi. Ta gyara zama ta ce ai dama kanumfarinta ba irin na kasuwar yanzu ba ne. Ni har na fara sakin numfashi. Sai ta ce, "To in nawa ya fi ƙarfi, mi ya sa ba a so?"

Auta ta ce, "Don ba shi aka tambaye ni ba. An tambaye ni abin da itacen nan biyu ke da shi, su kaɗai. In wani abu ya shiga, ko mai kyau ne, amsar ta zama ƙarya, ni kuma na zama maƙaryaciya ban sani ba. Bara an yafe mini. Bana in ya shiga, korata za a yi, in dawo gida. Ki zuba in kina so, Gwaggo, ba zan hana ki ba, ke kika kai ni makarantar. Amma na gaya miki abin da zai faru." Tana gama faɗa ta kifa kai a gwiwa ta fashe da kuka, irin kukan da ta shekara tana haɗiyewa. Ni ma idona ya cika, don ban san abin ya ci ta haka ba.

Gwaggo ta dube ta. Sannan ta miƙe, ta kwance ƙullin kayanta, ta mayar da kowane zane inda yake. Ta ce da ni, "Ke mai baki, kama mini angareb." Muka ɗauki gadon igiyarta ni da ita har ƙofar ɗakin ajiya, ta sa aka gindaya shi a bakin ƙofar. Ta ce in je in kwashe shanyar rakuba, ba a yaudarar mutane a gidan ƙanenta. Na ce, "Gwaggo, in an kwashe, masu zuwa fa?" Ta ce, "Ki turo mini su."

Abin da yarinya ba ta isa ta faɗa ba, da abin da Inna ba ta iya faɗa ba, tsohuwar nan ta ɗora wa kanta, kuma ba ta san rabin aiki ba. Mace za ta yi sallama, hannunta a dunƙule cikin mayafi. Gwaggo daga kan gado za ta ce, "Lale. Buɗe hannunki." Matar ta tsaya sororo. "Bagaruwa ce? Allah ya saka. Koma da abinki, ba a so." Ba bayani, ba lallashi. Na ce ta riƙa gaya musu dalili mana. Ta ce in ta tsaya yi wa kowace mace karatun ruwan shunayya, wata za ta zaga ta taga ta zuba kafin ta gama. Kuma gaskiyarta, don an kama wata tsohuwa a bayan ɗakin tana ɗage tana neman tagar.

Mu na gida ma ba mu tsira ba. Ta hana Inna shara a wannan ɓangaren don ƙura. Ta hana turaren wuta a gidan gaba ɗaya. Kazarta da ta jawo fitinar, ta sa aka ɗaure mata ƙafa a gindin dalbejiya. Ni ta ce kada in matso kusa ko da hannu wayam, don numfashina ma ba ta yarda da shi ba. Har auta, mai kayan, ta zo wata safiya za ta shiga juya shanya, Gwaggo ta tare ta da sanda ta ce ta matso ta hura. Ta hura. Ta ce, "Kin sha jabana, gahawar nan mai citta. Je ki kurkure baki ki wanke hannu." Mai neman digiri na biyu ta koma ta kurkure baki.

Muna dariya a ɓoye, amma abin ya ci Gwaggo, ba wasa ba. Matar liman ƙawarta ce tun suna 'yan mata, tare suke zuwa ɗiban ruwa kogi kafin a haifi Innarmu. Ran da ta zo da nata, na ga Gwaggo ta sunkuyar da kai kafin ta yi magana, amma ta faɗa, da kalmomin da take faɗa wa kowa. Matar ta dube ta ta ce, "Ni?" Gwaggo ta ce, "Har ni kaina ban sa ba." Matar liman ta juya ta fita, ba ta sake taka gidanmu ba sai bayan babbar salla. Cikin makon aka yi suna a unguwa, Gwaggo ta aika da kwanon gero kamar yadda ta saba, yarinyar da ta kai ta dawo ta ce an ajiye shi can gefe, ba a juye a buhu ba. Gwaggo ta ce, "Sun iya." Amma abincin rana ranar ko rabi ba ta ci ba.

Bagaruwa ta bushe ƙayau. Auta ta zuba kowacce a jakarta, ta ɗaure, ta sake sawa cikin wata jakar, Gwaggo na tsaye a kanta da sanda kamar mai gadin fursuna. Da safe muka raka ta bakin titi jiran motar Sinnar, daga can ta kama ta Madani.

Tun da na yi wayo, ba wanda ya taɓa fita daga gidanmu zuwa tafiya bai karɓi wani abu daga hannun Gwaggo a bakin hanya ba. Ko dabino biyu ne, ko ɗan ƙullin gyaɗa, sai ta cusa maka a aljihu mota na tashi, tana yi maka faɗa kan wani laifi daban don kada ka gode. Ran nan ta tsaya can baya kaɗan, hannuwanta biyu a bayanta. Auta ta zo ta durƙusa ta ce za ta tafi. Gwaggo ta ce, "Allah ya kiyaye hanya. Tashi, mota na jira." Ba ta ko dafa kanta ba.

Ni ina bayanta, don haka ni kaɗai na gani. Hannunta na dama a dunƙule yake, bagaruwa na leƙowa ta tsakanin yatsu. Na hagu kuma ya riƙe wuyan na daman gam, har jijiyoyi sun tashi. Ban san lokacin da ta ɗebo ba, ina jin ita ma ba ta sani ba. Haka ta tsaya har mota ta tashi, har ƙurarta ta kwanta. Sannan ta kawo hannun gaba ta buɗe, ta dubi abin da ke ciki, ta kamo tafina ta juye mini. Ta ce, "Ungo, ki dafa wa wannan ɗan naki mai majina." Muka koma gida, ban tsokane ta ba, ita ma ba ta zage ni ba, kuma wannan bai taɓa faruwa tsakaninmu ba.

Watanni suka shuɗe. Labari ya zo ta wayar mai shago cewa awo ya fito daidai, an sake an sake yana ba da abu ɗaya. Ta tudu ta fi ta fadama, amma da kaɗan, babu abin kiran malamai. Auta ta ci jarrabawarta. Da ta zo hutu, bayan an gama gaishe-gaishe, ta ciro wani ɗan farantin gilashi mai murfi daga jaka ta kai wa Gwaggo. A ciki akwai abin da aka yi duk wannan yaƙi dominsa: ɗan falle mai ruwan shayi, bai kai tafin hannu ba, ana ganin haske ta cikinsa. Ta ce ba a fara sa wa mutane ba tukuna, da sauran gwaji mai tsawo, wannan na gani ne kawai.

Gwaggo ta ɗauke shi da yatsu biyu ta ɗaga wajen ƙofa. Ta juya shi gaba da baya. Ta ce, "Shi ke nan? A kan wanga ɓawon albasa na ɓata da gari?" Auta ta ce shi ke nan. Ta sake dubawa, ta shinshina, ba ta ji ƙanshin komai ba.

"Nawa babu a ciki ko?"

"Babu, Gwaggo. Ko ƙwaya."

"To, alhamdu lillahi."

Ta ce ko an bar mata shi. Auta ta ce nata ne. Sai ta miƙa hannu ƙarƙashin gado ta jawo gwangwanin nan, ta buɗe, ƙanshin kanumfari ya cika ɗakin. Na ga auta ta buɗe baki za ta yi magana, ta kuma rufe. Gwaggo ta shimfiɗa fallen a hankali a kan bagaruwarta da kanumfarinta, ta danna murfin da tafin hannu, ta tura gwangwanin wurinsa.